Kullen da Bashira Ta Cire

Duk matar Bahaushe da ta taɓa zama a unguwar Sri Petaling da ke Kuala Lumpur ta san Bashira, matar Malam Abdulwahidu mai karatun digirin digirgir. In ka tambaye su halinta za su ce maka mace ce mai sakin hannu, amma fa ba ta yarda da kowa ba. Kuma gaskiya suka faɗa. Bashira ce za ta yo tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, na shinkafa da kaza a inda take saye kullum, ta zo gida ta sa cokali ta tona har ƙasa, wai ko an rage mata nama. In maƙwabciyarta Basiniya ta yi mata murmushi a lif, sai ta yini tana tunanin me matar take nema a wajenta. Mijin har ya gaji da cewa, "Haba Bashira, ba kowa ne fa yake da wata manufa ba." Amsarta ba ta canzawa: "Kai dai yi karatunka, Malam."

A Gwammaja aka haife ta. Kafin ta yi aure ta daɗe tana buga wa ɗalibai takardu a wani shagon kwamfuta da ke Zoo Road. A can ta koyi saurin hannu, a can kuma ta koyi cewa duk ranar da aiki ya ɓace a kwamfuta kowa zamewa yake, abin ya ƙare a kan mai bugawa. Tun daga lokacin in abu ya lalace ba ta tambayar me ya faru, wa ya yi take tambaya.

Da gwamnati ta turo mijinta karatu Kuala Lumpur, ta biyo shi da yara. Shekarar farko ta sha wuya, ba wuyar ci da sha ba, wuyar zaman banza. Takardar zamanta ba ta ba ta damar aiki ba. Malam ya fita tun safe, yara su tafi makaranta su dawo suna ba ta amsa da Malayanci, ruwa ya tsuge kullum la'asar, ita kuwa tana bakin taga tana kallon jirgin ƙasa na LRT yana kai da kawo. Macen da ta saba yatsunta ba sa hutawa! Har rama ta yi.

Ɗinki ne ya fito da ita. Ta je titin kasuwa da ake kira Jalan Masjid India neman inda za a yi mata doguwar riga, ta faɗa wani siririn kedai, wato shago, na wani dattijo da ake kira Haji Hassan, yadi a ƙasa, masu ɗinki a sama. Da guntun Turanci da guntun Malayanci da nuni da hannu ta fahimtar da shi irin abin da matan Hausa suke so: riga har ƙasa tana share hanya, hannu mai faɗi, a kuma bar ɗankwali daga jikin yadin. Rigar ta yi kyau, mata suka gani a wajen wani suna, suka ce ta kai su. Haji Hassan ba yaro ba ne a kasuwa. Ya ce ta riƙa kawo su, ta auna su, ta shigar da awon a kwamfuta tunda ta iya, shi kuma ɗinkinta da na 'ya'yanta ya ɗauke mata. Ba albashi ba ne, amma ya ba ta abin da ya fi albashi. Duk sabuwar zuwa da ta tambayi inda ake ɗinki, sai a ce, "Ki bai wa Bashira." A duk faɗin garin nan wannan ne kaɗai abin da yake nata, ba na Malam ba, kuma tana ji da shi kamar ranta.

Kwamfutocin shagon guda biyu ne, tsofaffi tukuf, farin jikinsu ya koma ruwan ƙwai. Shuɗin allo da fararen haruffa, ba linzami, sai dai ka yi ta danna maɓalli. Ƙanin Haji da ya rasu ne ya tsara musu shirin tun zamanin da, kuma Haji ya rantse ba mai canza shi yana raye. Ɗaya tana kan kanta a ƙasa, ita ce take riƙe da fayilolin masu ɗinki duka. Ɗayar tana sama. Wata waya mai ruwan toka ce ta haɗa su, ta bi bango ta shige ta wani rami a silin. Abin da aka rubuta a ƙasa ana ganinsa a sama, daga nan a buga shi a takarda a ba masu yanka.

Mai kula da sama kuwa Kak Zaiton ce, wato Yaya Zaiton, wata dattijuwa 'yar unguwar Kampung Baru, mai tabarau da igiya a wuya, wadda magana take yi wa wuya kamar ana sayar mata da ita. Tun ranar farko Bashira ta sa mata ido. Dalili kuwa, duk sa'ad da ta kawo mace awo, sai ta ji takun matar a matakala. Ba za ta sauko duka ba. A kwanar matakalar za ta tsaya, ta yi sallama ƙasa-ƙasa, ta zuba wa baƙuwar ido daga sama har ƙasa, sannan ta juya ta koma. Me take kallo? Wa ya kira ta? Bashira ta ce a ranta, wannan tsohuwa akwai abin da take ƙullawa.

Ga yadda Bashira take awonta. Tsawo da kafaɗa da hannu, waɗannan tana sa tef ta auna tsaf. Amma ƙirji da ciki da ƙugu, ina! Wa zai zagaya Hajiya Ɗelu da tef a tsakiyar shago, matar da ta girme ta nesa ba kusa ba, uwar duk matan unguwa, ga Haji Hassan a zaune yana jan carbi? Kunya ba za ta bari ba. Sai dai ta sunkuya ta yi ƙasa da murya ta ce, "Hajiya, nawa ake sa miki?" Hajiya ta faɗi lambar da telanta na Kano yake sa mata tun kafin haihuwar auta, tun kafin ta san daɗin nasi lemak, shinkafar kwakwar nan, da safe. Sauran matan ma haka. Bashira ta rubuta yadda aka gaya mata. Kuma kayan suna fitowa cif a jiki, don haka ba ta taɓa kawo komai a ranta ba, sai ma ta ɗauka hannunta ne yake da albarka.

Abin da yake cin ranta daban ne. Matan Hausa ba sa gama magana a shago. Mace za ta tafi, ba ta kai tashar Masjid Jamek ba ta turo saƙo: a sa aljihu, a fasa aljihu, a ƙara wa hannu leshi. Bashira ta juya ta buɗe fayil ɗin matar don ta ƙara, sai wani jan akwati ya fito a tsakiyar allo da kalma ɗaya, Dikunci, wato an kulle. Ta danna, ta sake dannawa, ko gezau. Sai an ɗauki lokaci sannan ya buɗe don kansa.

Ta kai ƙara wajen Haji. Ya yi dariya ya ce, "Sabar lah, haƙuri. Kak ce ta buɗe a sama. In ɗaya yana ciki, ɗaya sai ya jira."

Bashira ta ce, "To me take yi a ciki? Ni na auna, ni na rubuta."

Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da jan carbinsa.

Daga nan ta fara lura, kuma Bashira in ta sa kanta lura ba abin da yake wuce ta. Ta gano cewa in Bamalayiya ce ta zo, Haji ya shigar da awonta, fayil ɗin a buɗe yake yini. Amma da zarar tata ce, 'yar Najeriya, kafin matar ta kai bakin titi an kulle. Kullum! Wannan kam ba zato ba ne, da idonta ta gani. Sai ta haɗa shi da tsayuwar matakala, ta haɗa da shirun matar, lissafi ya fito mata sarai: tsohuwa tana baƙin cikin baƙuwa ta shigo shago ta samu fada, so take ta nuna wa masu ɗinki cewa Bashira ba kowa ba ce. Ranar da Kak Zaiton ta aiko mata da ƙosan ayaba a leda, sai da ta shinshina, sannan ta ba mai gadi.

Ba ta bar abin a cikinta ba. Ta riƙa jefa wa Haji magana jefi-jefi: anya Kak ba ta tsufa da aikin nan ba? Anya tana son baƙi? Ta gaya wa Hajiya Ɗelu, Hajiya ta gaya wa wata daga cikin matan, Sakinatu, kafin wani lokaci duk matan sun san akwai wata tsohuwa a saman shagon da ba ta ƙaunar Bashira.

Ana haka bikin yaye ɗalibai ya matso. Maza da yawa sun gama a shekarar, har da mijin Hajiya Ɗelu, mata suka ce wannan karon anko za a yi, a nuna wa mutanen ƙasar yadda ake fita kunya. Aka zaɓi wani yadi mai ruwan makuba da zaren zinare a baki, aka kwashe bandir ɗin gaba ɗaya, aka damƙa komai a hannun Bashira. Ba a taɓa ba ta aiki mai girman wannan ba. Waya ta riƙa ƙara ba ƙaƙƙautawa, kowa da canjin da take so, jan akwatin nan kuma kamar ya san ana sauri.

Wata Laraba Hajiya Ɗelu da kanta ta tsaya a gaban kanta tana jira a ƙara mata wani abu a wuyan riga. Aka yi ta jira. Hajiya ta gyara mayafi, ta leƙa allon, ta ce, "Au, Bashira, ashe ba ke ce da iko da abin ba? Ni na ɗauka komai a hannunki yake."

Da wasa ta faɗa, amma maganar ta soki Bashira har ƙashi.

Ranar Asabar da safe suna zaune a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, na bakin layinsu, Malam yana yagar roti yana tsomawa a miya, ta tambaye shi kamar ba komai ba, wai me yake sa tsohuwar kwamfuta ta kulle fayil. Wayyo, ta taɓo masa inda yake so! Karatunsa kenan, hanyoyin haɗa kwamfutoci, kuma tunda suka zo ba ta taɓa tambayarsa ko kalma ɗaya a kai ba. Ya ture faranti ya gyara zama.

Ya ce, "Ai waɗannan na da, ba su san zaman tare ba. An yi su ne don mutum ɗaya. Da aka fara haɗa su da waya, sai aka ƙara musu wani ɗan ƙaramin shiri, Share ake ce masa. Layi ɗaya ne a cikin fayil ɗin da kwamfuta take karantawa in an kunna ta. Shi ne yake tsare ƙofa. Kamar sakatar banɗaki ce, in wani yana ciki ya saka, na waje ya jira."

"In babu shi fa?"

"Wasu shirye-shiryen sai su ƙi tashi. Wasu kuwa su wuce abinsu, kowa ya shiga. To a nan matsalar take. Ni na buɗe, ke kin buɗe, kowa ya ɗauki abin da ya tarar. Na yi gyarana na ajiye. Ke kuma daga baya ki ajiye naki, sai naki ya hau kan nawa ya shafe shi, kuma ba abin da zai gaya miki. Shi ya sa ba a taɓa shi."

Allah Sarki Malam. Ya yi bayani har shayinsa ya huce, amma Bashira tun daga "kowa ya shiga" ta daina ji. Gyaran wa za a shafe? Ai ita kaɗai ce take rubutu a fayilolin matanta. Waccan kullewa kawai take yi don mugunta.

Ranar Juma'a ta samu yadda take so. Haji da samarin ɗinki suka tafi masallaci, Kak Zaiton ta fita sayen abincin rana, aka bar ta ita kaɗai da fanka. Hannun Zoo Road bai manta ba. Ta fita daga shirin, ta nemo fayil ɗin, ga layin nan kuwa kamar yadda Malam ya faɗa. Ta waiga ta dubi ƙofa. Ta ce Bismillah, ta goge, ta kashe kwamfutar ta kunna. Shirin ya tashi lafiya lau, kamar ba a taɓa shi ba.

Kai, ranakun da suka biyo baya Bashira ta sha iska! Ta buɗe fayil ɗin da ta ga dama a lokacin da ta ga dama. Da ta gama shigar da awon mace ba ta ma rufewa, sai ta bar shi a buɗe tana jiran saƙon canji, ta yi hira, ta yi salla, ta dawo ta ƙara aljihu ta ajiye. Kak Zaiton tana nan tana tsayuwarta a matakala tana komawa. Bashira ta bi bayanta da kallo tana cewa a ranta, je ki kulle mu gani. Aiki ya yi yawa har Haji ya buga takardun ya raba wa telolin waje, don a gama a kan lokaci.

Saura 'yan kwanaki biki aka kawo kaya. Mata suka taru a falon Hajiya Ɗelu, an yi zoɓo, an soya cincin, ana ta guɗa. Bashira tana rabawa tana kiran suna, fuskar nan kamar ta amarya. Hajiya ce ta fara shiga ɗaki gwaji. Shiru, shiru. Can sai aka ji murya a shaƙe: "Ku zo ku cire ni!"

Suka tarar da ita hannuwa a sama, riga ta tsaya a ƙirji, ba ta shiga ba ta fita. Da ƙyar aka zare ta. Wata ta fara dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don Sakinatu ma tata ta ƙi wuce ƙugu. Ta gaba ta shiga amma ba ta iya zama. Aka yi ta gwadawa ana cirewa. In ka ɗebe 'yan mata biyu-uku marasa jiki, ba wadda rigarta ta yi mata. Ga yadi an yanke, ba a bar komai a ciki da za a buɗe ba, bandir kuma ya ƙare.

Mata suka juyo suna kallon Bashira. Bakinta ya riga tunaninta. Ta ce, "Tsohuwar nan ce. Wallahi ita ce. Na daɗe ina gaya muku."

Washegari ita da Hajiya Ɗelu suka dira a shagon da kayan a jaka. Haji Hassan ya ɗaga riga ɗaya, ya dubi Hajiya, ya dubi rigar, fuskarsa ta canza. Ya ƙwala wa Kak Zaiton kira. Ta sauko, wannan karon har ƙasa. Ta ɗauki rigar ta auna da tafin hannu, ta girgiza kai.

Ta ce, "Ba haka na sa ba. Na gyara. Duka na gyara."

Bashira ta yi caraf ta ce, "Kin gyara me? Wa ya sa ki?"

Kak Zaiton ta gyara tabarau. Sannan ta yi magana a hankali, idonta a ƙasa, Haji yana cike mata inda Turancinta ya gaza. Ta ce tun rigar farko ta lura awon ciki da ƙugu ba ya dacewa da matan da take gani. Ta gane kunya ce take hana a auna su, kuma ba ta ga laifin hakan ba. Shi ya sa take saukowa ta dube su da ido, ta koma ta buɗe fayil ta ƙara abin da ya kamata, wata inci biyu, wata huɗu, tun kafin siffar matar ta fita daga kanta.

"To me ya hana ki gaya mini?" in ji Bashira.

Kak Zaiton ta ɗago ta dube ta da mamaki. Ta ce, "A gaban baƙinki? Ke ce babba a wajensu. Ba a yi wa mutum haka."

Haji ya matsa gaban kwamfuta. Ya juya ya buɗe fayil ɗin Hajiya Ɗelu. Lambobin Bashira ne a ciki, ba ƙari ko ɗaya. Ya buɗe na Sakinatu, haka. Ya buɗe wani, haka. Ya cire tabarau ya murza ido. Duk maganganun da aka daɗe ana jefa masa suka dawo masa a lokaci guda. Ya ce, cikin murya mai sanyi wadda ta fi faɗa ciwo, "Kak, kin ce kin gyara, ga shi ba gyara. Wataƙila kin gaji. In wata ya ƙare ki je ki huta."

Matar ba ta yi musu ba. Ta ninke rigar da ke hannunta tsaf, ta ajiye a kan kanta, ta hau sama.

Hajiya Ɗelu ta ce, "Kin gani ko? Ƙarya ma take yi. Allah ya saka miki, Bashira."

Ka san halin mutum ba ya barinsa rana ɗaya. A cikin jirgi suna komawa, Bashira tana ta neman inda za ta kama tsohuwar. Ai ƙirƙirar labarin ta yi don ta kare kanta. Ai da ma irinsu sun iya sanyin baki. Amma duk inda ta bi sai ta ci karo da abu ɗaya: shekara da shekaru kayan suna fitowa daidai, da lambobin da ita kanta ta san na kafin haihuwa ne. Ba su taɓa matsewa ba sai wannan karon. Me ya canza a wannan karon? Ta san amsar, tana dai juya mata baya ne.

Da la'asar Malam ya dawo ya same ta a kicin, tukunya a kan wuta ba komai a ciki. Ba ta juyo ba ta ce, "Malam, abin nan da ka ce na ƙarshe yana shafe na farko. Ko da na ƙarshen aljihu kawai ya ƙara?"

"Duka yake mayarwa yadda ya tarar. Ai ba aljihun kaɗai yake ajiyewa ba, shafin ne gaba ɗaya." Sai ya tsaya. Ya kashe wutar. "Bashira, me kika taɓa?"

Ta zauna a ƙasan kicin ta fashe da kuka.

A nan fa aka zo wajen. Ba wanda ya sani sai ita da mijinta. Haji ya riga ya yanke hukunci, mata sun riga sun samu mai laifi, kuma mai laifin ba za ta taɓa buɗe baki ta kare kanta ba. In Bashira ta lallaɓa ta mayar da layin nan ta yi shiru, sunanta yana nan, har ma a ƙara tausaya mata. Kuma kada a yi ƙarya, ta yi wannan tunanin, ta juya shi ta sake juyawa har gari ya waye. Malam bai ce mata yi ko bari ba. Da zai fita dai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Matar nan fa a Kampung Baru jikoki take riƙo, ke kika taɓa gaya mini."

Ta riga samarin ɗinki isa shagon. Ta gaya wa Haji komai a tsaye, ba ta rage ba, har da ranar da ta yi da yadda ta yi. Ran dattijon ya ɓaci. Abin da ya fi ƙona shi, shirin ƙaninsa ne aka sa wa hannu. Ya sa ta mayar da layin a gabansa, sannan ya juya allon ya fuskanci bango ya ce daga yau kada ta ƙara taɓa kwamfutarsa. Ya hau sama da kansa, abin da gwiwoyinsa suka daɗe da hana shi, ya ba Kak Zaiton haƙuri. Bashira ta bi shi a baya. Ta durƙusa a gaban keken ɗinkin, ta rasa da wane yare za ta fara. Matar ta kama hannunta ta tashe ta, ta ce ba komai, ta koma kan ɗinkinta. Da zaginta ta yi da ya fi mata sauƙi.

Saura mata. Ta same su a falon Hajiya Ɗelu suna shawarar abin da za a sa ranar biki. Ta faɗa musu. Ba wadda ta yi ihu. Sakinatu ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta. Hajiya Ɗelu kuwa ta haɗe rai, don ba rigar kaɗai aka taɓa mata ba, an tona a gaban kowa cewa lambar da take faɗa ba tata ba ce.

Ta ce, "Wato ke kika yi, kika tsaya a ɗakin nan kika rantse da Allah wata ce. Kika ja ni har shago na ci mutuncin tsohuwar mutane."

"Na yi kuskure, Hajiya. Ku yafe mini."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," in ji Hajiya, ta juya ta ci gaba da maganar da suke yi.

Ranar biki kowa ta sa abin da take da shi. An yi hotuna, an ci an sha, an gaisa da Bashira kamar kullum, ba wadda ta ɗaure mata fuska. Har ta fara sa rai abin ya wuce.

Bayan 'yan watanni Sakinatu ta haihu. Bashira ta je barka da tuwo da miyar kuka, ta zauna ta yi ta jira a tayar da maganar ankon suna, ba a tayar ba. Ta ce wataƙila ba za a yi ba ne. Ranar Juma'a Malam ya dawo daga masallaci da leda a hannu, ya ce mijin Sakinatu ne ya ba shi ya kawo mata. Ta buɗe. Yadi ne, kore mai kyau, an yanko mata rabonta cif ba a rage ba.

Ta ce, "Sauran fa? Yaushe za su kawo nasu?"

Malam ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, "An ce na sauran an riga an kai wani wuri. Wai ke ki kai naki inda kika ga dama."

Bashira ta zauna a bakin gado da yadin a cinyarta. Ta shafa shi, yadi ne mai kyau ƙwarai, da ita aka tura ma shi za ta zaɓa.